Kada Ka Kashe Ta a Layi

"Saki kuloci a hankali, Tela! Ba keken ɗinki kake takawa ba!"

Muryar ta fito ne daga tagar da ke kallon tsakar gida, a shaƙe, tari na biye da ita. Tela ya ɗaga ƙafa, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Ya cire hula ya share gumi. Rabonsa da sitiyari tun yana saurayi, ga shi yau da furfura a gemu ana koya masa ta taga.

Mai muryar Baba Sannu-Sannu ne, maƙwabcinsa, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da shagon Tela. Tsohon direba ne, kuma tuƙinsa ne ya jawo masa sunan, don mai keke kan wuce shi a titi har ya waiwayo ya gaishe shi. Motar ya saye ta a gwanjo shekaru sama da talatin da suka wuce. A da fara ce, yanzu ta koma launin tsohon haƙori. Dattijuwa yake kiranta. Abin alfaharinsa a duniya bayan 'ya'yansa, wasu ma sun ce kafin su, shi ne duk shekara yana kai ta gwajin lafiyar motoci, kuma ba ta taɓa faɗuwa ba. Ranar da ya dawo da sabuwar shaida manne a gilashin gaba, duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta ƙofar gidan sai ya tsaya ya sha labari.

Bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, asibiti suka sallamo shi da jakar magunguna da wata magana da ba su faɗa a gabansa ba. Auta, ɗansa da ke aiki a wani gari, ya zo dubiya ya tarar mota ta cinye rabin tsakar gida, mahaifiyarsa Inna tana raɓawa ta gefe da bokiti. Ya ce a kira 'yan gwangwan su ɗauke ta. Uba da ɗa suka yi ta ja, a ƙarshe suka ƙulla alkawari a gaban Inna: in ta ci gwajin bana tana nan, in ta faɗi ta tafi. Auta ya yarda ne don ya san babu mai kai ta. Ya manta da Tela.

Shi ma Telan ba da niyya ya shiga ba. Gaisuwa ya shigo yi, Baba ya kama hannunsa ya danƙa masa mukulli. Wa zai kalli idon mara lafiya ya ce a'a?

Da motar ta tashi a karo na gaba, Baba ya yafito shi bakin taga.

"Ka fita da ita babban titi, ka ba ta wuta har allurar zafi ta kai tsakiya. Sannan ka shiga layi. In ka shiga, kada ka kashe ta. Ko layin zai kai la'asar, ka bar ta tana numfashi. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Maimaita."

"Kada in kashe ta a layi."

"Yawwa. Tsohon inji in ya huce hayaƙi yake yi, kamar ni da sanyin safiya."

Tela ya yi na farkon yadda aka ce. Ya hau babban titi, manyan motoci suna ta danna masa hon, har allura ta kai tsakiya. Amma a wurin gwajin ya tarar da layi ya fito har waje. Rana ta take. Kowa ya kashe motarsa ya nemi inuwa, Dattijuwa kaɗai ke kaɗawa a banza. Shi kuwa Tela mutum ne da ba ya yar da guntun zare, ƙyallen da wani zai share takalmi da shi, shi sai ya fitar da aljihu a ciki. Hali zanen dutse. Yana zaune yana kallon allurar mai tana sauka, ji yake kamar jininsa ake zuƙa.

Direban da ke bayansa ya leƙo. "Malam, rijiyar fetur gare ka a gida?"

Tela ya yi murmushin yaƙe. Ya ce a ransa ɗan lokaci kaɗan ba zai yi komai ba, ya murɗa mukulli. Layin bai motsa ba sai bayan azahar.

Mai gwajin dattijo ne cikin rigar aiki mai tabon baƙin mai. Yana hango motar ya washe baki.

"A'a, Dattijuwa ce! Ina mai ita?"

"Yana kwance, ba lafiya."

"Allah ya ba shi sauƙi. Hau da ita nan."

Aka gwada birki, ya kama. Aka kunna fitilu da sigina, duk suka amsa. Mutumin ya shiga rami yana ƙwanƙwasa ƙasanta da ƙaramar guduma, yana magana daga can ciki.

"Irin wannan ƙirar ba ta ba mu wahala. Sababbi na zuwa nan su faɗi a kan 'yar waya, wannan kuwa ƙarfe ce ta gaskiya. Abu biyu ke kayar da ita, tsatsa da hayaƙi. Baba kuma ba ya barin tsatsa ta kwana."

Ya fito ya zura wani bututu a salansar motar, inda hayaƙi ke fita, ya ce a taka totur. Tela ya taka. Ta madubi ya ga shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayan motar. Mai gwajin ya dubi na'urarsa, ya leƙa ya dubi allurar zafi da ke kwance a ƙasa, sannan ya dubi Tela. Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

"Don Allah, Malam," in ji Tela, murya ƙasa-ƙasa. "Mutumin nan jira yake."

"Na'ura ke rubutawa, ba ni ba. Ko da ni ne ma, ka san Baba ba zai karɓi ta alfarma ba. Akwai dama ta biyu. Ka dawo da ita mako mai zuwa, da zafinta."

A hanyar gida Tela ya ɗinka ƙarya ya warware ya fi a ƙirga. Zai ce na'ura ta lalace. Zai ce an tashi kafin layi ya zo kansa. Garin neman gira ya rasa ido, wannan ita ce gaskiyar, kuma ita ce ba ta faɗuwa a baki.

Ya tarar Inna ta jingina Baba da matasai yadda zai ga tsakar gida. Idon tsohon na kan gilashin gaba, inda shaidar bara take nan da launinta da ya koɗe. Tela ya shiga ɗakin ya durƙusa gefen gado, kusa da kwalaben magani. Duk ƙaryar da ya shirya ta gudu.

"Layi ya yi tsawo?" in ji Baba.

"Ya yi, Baba."

"Sai ka tausaya wa mai."

Tela ya sunkuyar da kai. Can sai ya ji gado na girgiza. Dariya Baba yake yi, marar sauti, har ta rikiɗe ta zama tari, Inna ta taso da kofin ruwa tana shafa masa baya.

"Laifina ne," ya ce da numfashi ya dawo. "Na aiki mai tsimin zare ya ƙona fetur. Kada ku gaya wa Auta tukuna, dama ta biyu ai cikin gwajin take. Mako mai zuwa tare za mu je, Tela. Ni zan zauna a gefenka in tsare mukullin."

"Allah ya kai mu, Baba."

Inna ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Tela ya fita. Da faɗa Baba ya yi masa, da ya samu abin riƙewa.

Makon bai cika ba. Wata safiya Tela na tsakiyar ɗinka wuyan riga ya ji muryar Inna ta ƙetaro katanga, sau ɗaya tak ta kira sunansa. Ya bar allura a cikin yadi ya fita ba takalmi. Ya samu Baba kwance a kan matasan nan, fuskarsa wajen taga, kofin shayinsa ko hucewa bai gama yi ba. Inna na riƙe da hannunsa. Tela ya rufe masa ido, ya ja mayafi, sannan ya fita ya tsaya bayan motar inda ba mai ganinsa, ya yi kuka kamar yaro. Baƙin cikin rashin maƙwabci daban, na sabuwar shaidar da ya hana Baba gani daban, kuma na biyun ya fi ci masa rai.

Gida ya cika da masu ta'aziyya. Da yake wurin ba yawa, wasu a jikin Dattijuwa suka jingina. Auta ya iso idanu jajur. Da mutane suka ragu ya ja Tela gefe.

"Kawu Tela, na ga shaidar bara ce a jiki. Ta faɗi ke nan. Na kira 'yan gwangwan, gobe da yamma za su zo. Wallahi ba don wuri ba ne yanzu, kallonta ne ba zan iya ba."

"Ba ita ta faɗi ba, ni na kayar da ita. Gobe ne ranar komawa. Ka ba ni safiya kawai."

"To in ta ci, wa za ka kawo wa labarin?"

Auta ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya shiga ɗaki ya fito da mukullin.

Washegari Tela ya cika tanki, ya hau babban titi ya ba ta wuta. Layin ya fi na wancan makon tsawo. Ya zauna a ciki hannu bisa sitiyari, zafin inji na dukan ƙafafunsa, gumi ya jiƙa masa riga. Wani ya ƙwanƙwasa gilashi ya yi masa ba'a, bai ko juya ba.

Da aka zura bututun ya taka totur, bai ga komai a madubi ba. Mai gwajin ya ɓare tsohuwar shaida, ya manna sabuwa da hannunsa.

"Ka gani ko? Ka ce wa Baba ina gaishe shi, baɗi kuma shi nake son gani, ba ɗan aike ba."

"Baba ya rasu."

Mutumin ya tsaya cak. "Allahu akbar. Allah ya jiƙansa." Ya sake bin gefen takardar da babban yatsa, a hankali, ko da yake ta riga ta manne. Motar baya na ta hon, bai kula ba.

Tela ya shigo da ita tsakar gida ya kashe. Auta ya fito ya tsaya gaban gilashin, ya karanta shaidar, ya sake karantawa. Ya ciro waya ya juya baya.

"Kada ku zo," ya ce. "A'a, ba maganar kuɗi ba ce. An fasa."

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe, ya shige ciki da sauri.

Sai ga Inna a bakin ƙofa, lulluɓe da mayafi. Ba ta ma dubi takardar ba. Ta tako a hankali ta ɗora tafin hannunta a kan bonet. Injin na ƙara ƙasa-ƙasa yana hucewa. Tela ya tsaya da mukulli a hannu bai san wanda zai miƙa wa ba, ita kuwa ta bar hannunta a wurin, inda ƙarfen ke da sauran ɗumi.