Bindigar da Ke Harbin Saje Ya'u

Tun da aka kwance wa Saje Ya'u ɗorin hannunsa na dama, bai ƙara yarda ya ɗauki abu mai nauyi da shi a gaban mutane ba. Babur ne ya kayar da shi a gangaren gadar Wudil, wuyan hannun ya karye, maɗori ya ɗora, ƙashi ya kama. A ido ba a ganin komai. Amma in ya murɗa makulli ko ya ɗaga bokiti, sai ya ji kamar an soka masa allura ta bi jijiya har gwiwar hannu. Da ya koma aiki, ya ce wa kowa ya warke sarai.

Ɗan sandan farin kaya ne. Ranar Juma'a yakan shiga Kara, kasuwar shanu, cikin kaftani da hula kamar kowane dillali, yana sa ido a kan shanun sata da masu bin sawun fatake. Ya daɗe a wannan aiki, kuma yana son sa. A ƙugunsa akwai wata 'yar ƙaramar fistol marar nauyi, wadda shi da kansa ya zaɓa tun da can, saboda ko tela ba zai gane tana ƙarƙashin rigar ba.

Sai umarni ya zo cewa a ƙarshen wata za a sake gwada duk mai ɗaukar bindiga a filin harbi. Wanda ya faɗi zai mayar da tasa ma'ajiya, ya koma zaman kanta a caji ofis yana karɓar ƙorafin satar akuya.

Tun kafin ranar, Ya'u ya je filin shi kaɗai don ya gwada hannunsa. Da ya ja kunama, 'yar bindigar ta zabura a hannunsa, zafin ya tsarga masa har kafaɗa. A harbi na gaba hannun da kansa ya riga bindigar tsorata, ya kauce tun kafin ƙara ta fito. Harsasan suka yi ta faɗawa tudun yashin da ke bayan allo. Ya daɗe tsaye yana kallon yashin. A Kara babu tudun yashi. Bayan ɓarawo akwai mai sayar da igiya, akwai mai fura, akwai tsoho da ya zo sayar da sansa ɗaya tilo. Ya san da haka, ya kuma mayar da bindigar ƙugunsa ya shiga kasuwa ranar Juma'a. Wannan abin ya fi ciwon hannun cin sa.

Akwai mutum ɗaya da zai iya taimakon sa, Saje Bilya mai kula da ma'ajiyar makamai. To amma Bilya ɗan kawunsa ne, taubashinsa, wanda tun suna kiwon awaki bai taɓa ganin rauninsa ya bar shi ya huce ba. Ga shi kuma a bakin aiki ba ya rufa wa kowa asiri. Ya'u ya kama bakinsa.

Ran Lahadi ya je Utai gai da mahaifiyarsa, Inna Hansai. Ta dama masa fura ta miƙo ƙwarya cike. Ya kai hannun dama, nauyin ya fi ƙarfinsa, sai ya karɓe da hagu.

Tsohuwa ta ajiye ludayi. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa.

"Kai Ɗan Sanda, yaushe ka fara karɓar abinci da hagu a gidan nan?"

"Ba komai, Inna."

"Da komai."

Ya sunkuyar da kai. A gabanta bai iya doguwar ƙarya ba.

"Bindigar da nake riƙewa ce take harbi na, Inna. Duk na taɓa ta sai ta harbe ni a hannun nan. Amma kada ki gaya wa kowa."

Harbi irin na jaki yake nufi, shurin da bindiga ke yi wa mai ita idan harsashi ya fita. Haka suke faɗa a wurin aiki. Inna ta dubi hannun, ta ce Allah ya sawwaƙe. Ya sha furarsa ya tafi, yana jin ya ɗan sauke kaya.

Washegari da hantsi aka ce Bilya na neman sa a ma'ajiya. Ya same shi zaune bayan tebur, ƙofa a rufe, fuskarsa a murtuke.

"Tuɓe riga," in ji Bilya.

"Kai, lafiya?"

"Tuɓe mana in ƙirga ramukan. Mutumin da bindiga ke harbi kullum ai ya zama rariya."

Sai dariyar da yake dannewa ta ƙwace. Ya yi ta buga tebur har hawaye. Ashe da sassafe Inna ta hau motar Utai ta sauka a gidan Bilya, ko gaisuwa ba ta bari an gama ba. Bilya ya maƙale murya yana kwaikwayon ta: "Bilyaminu, ashe kai ne mai raba bindigogin? Don Allah me yaron nan ya yi maka? Ka duba duk bindigogin gwamnati ka rasa wadda za ka ba shi sai mai juyowa ta harbi mai ita? In wasan taubasai ne, ya isa haka."

Ya'u ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Me ka ce mata?"

"Me zan ce wa Gwaggo tana kuka? Na ce tuba nake, zan canza." Bilya ya goge ido, dariyar ta ɗauke. "Miƙo hannun."

Ya kama wuyan hannun ya ɗan lanƙwasa. Ya'u ya cije leɓe.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kwance ɗorin."

"Kuma kana shiga Kara da ita a haka."

Ya'u ya janye hannunsa. Ya jira zagi, ko a ce ya ajiye bindigar ya fita. Bilya ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfe, ya fito da fistol uku, ya duba kowacce ya tabbatar babu harsashi, ya jera su.

"Wautarka ta farko, ka ɗauka ƙaramar bindiga ita ce mai sauƙi. Ba ta da nauyin da zai shanye bugun, sai ta juye shi duka a hannunka. Dubi mariƙinta, ƙaramin yatsanka ma a iska yake lilo. Ɗauki wannan."

Babba ce, ƙarfe zalla. Bilya ya ce ita kam lafiyayya ce, ba ta da shuri sosai. Ya'u ya miƙe hannu da ita, kafin ya gama saiti bakinta ya fara rawa.

"Sa ta a ƙugu. Yauwa. To yi ruku'u."

"A nan?"

"Ba a masallacin kasuwa kake Juma'a ba? Yi mu gani."

Ya'u ya sunkuya. Gindin bindigar ya tokare kaftanin ta baya, ya yi tozo.

"Sahun baya gaba ɗaya sun san kai ɗan sanda ne," in ji Bilya. "Har liman ya ji labari. Ajiye ta."

Sauran biyun matsakaita ne, kusan tsawonsu ɗaya. Ta farkon ta zauna a hannu daidai, amma da Ya'u ya zo jan saman don ɗana ta, ta yi tauri, sai da ya yi nishi. Bilya ya karɓe ya ajiye ta gefe. Ta biyun tsohuwa ce, fentin gefenta ya koɗe. Yatsunsa duka suka sami wurin zama a mariƙin. Tana da ɗan nauyi, amma nauyin a tafin hannu yake kwance, ba ya rinjayar baki. Ya ɗana ta ba wahala. Ya sa ta a kube ya yi ruku'u, ya yi sujada a kan simintin ma'ajiya, ya zauna zaman tahiya. Ba ta tokare shi ba, rigar kuma ta rufe ta.

"To ga amaryarka," in ji Bilya. "Ba kyau, sai hali. Amma ji nan, ɗan Gwaggo. Ba ta fita ɗakin nan da sunanka sai ka je ka gaya wa Sufeto Mas'uda zancen hannunka da bakinka. Kafin gwaji kuma ba ka shiga Kara da bindiga."

Sufeto Mas'uda ita ce mai kula da gwajin.

"In na gaya mata ai ta cire sunana tun kafin in harba."

"Mai yiwuwa."

"To ina amfanin wannan duka?"

"Ni bindiga nake bayarwa, ba na ba da hannu. In hannun ya mutu, gara ka yi zaman kanta."

Ya'u ya fita da haushi. A hanya yana ta juya abin. Da Inna ta fahimci maganarsa daidai, da ta riƙe masa sirri kamar yadda ya roƙa, da har yanzu yana yawo da abin da zai iya kashe bawan Allah. Riƙon amanar da ya nema shi ne zai cuce shi, kuskuren ji kuma ya cece shi. Ya rasa inda zai ajiye wannan a cikin abin da ya sani na daidai da ba daidai ba. Ƙafarsa dai ta kai shi ofishin Sufeto.

Ta saurare shi har ya gama, tana kallon sa ta saman tabarau.

"Saje, da ka zo mini da wannan bayan ka faɗi, da na ce uzuri ne. Za ka yi gwaji kamar kowa. Ba zan matso maka da allo ba."

Kwanakin da suka rage, kullum da safe Bilya na tare da shi a fili. Ya koya masa ya bar wa hannun hagu yawancin riƙon, na dama ya ji da kunama kawai. In ya ga ya runtse ido sai ya ce, "Ango, buɗe ido, ba ta cizo." Bugun sabuwar bindigar turi ne a hankali, ba fizga ba. Zafin yana nan, amma wanda mutum zai iya zama da shi. Sannu a hankali hannun ya daina gudu.

Ranar gwaji rana ta buɗe sosai. Aka kira sunansa, ya tsaya a layi, ya yi bisimilla a zuci. Ya zaro, ya haɗa hannu biyu, ya saki numfashi. Ya yi ta harbi yana jin bindigar na komawa inda ya bar ta. Can wajen ƙarshe allurar nan ta soke shi, ya san wannan ya kauce tun kafin ya duba.

Sufeto Mas'uda ta taka har gaban allon, ta bi ramukan da biro. Suna tattare a tsakiya, in ban da ɗaya da ya huda can gefen takardar.

"Ka ci," ta ce. "Ka riƙe bindigarka, ka koma Kara. Amma za ka fara zuwa gashin ƙashi a asibiti, kuma duk wata za ka dawo ka harba a gabana." Ta ɗora biro a kan ramin gefen. "Wannan na wane ne?"

"Nawa ne, ranki ya daɗe."

"To ka san da shi."

Ya ce alhamdu lillahi a fili, har na kusa da shi suka juyo. Bilya na jingine a inuwar darbejiya yana cin gyaɗa, kamar ba abin da ya shafe shi. Ya'u ya isa gabansa ya tsaya. Tun suna yara bai taɓa ce masa ya gode ba, kalmar ta yi masa nauyi a baki.

"Bilya, Allah ya saka da alheri. Allah ya rufa maka asiri."

"Kai, tafi can. Za ka sa ni kuka a gaban kurata."

"Da gaske nake."

"Na sani." Bilya ya zuba masa gyaɗa a tafi. "Wancan ramin na gefen fa?"

"Shi nake tunani. Gobe da safe kana nan?"

"Ina nan. Ka taho da ƙosai, mai zafi, ba irin na rowar nan taka ba."