Lambar Motar Mai Firji

A layinmu kowa ya san ni, ban iya ganin abu in yi shiru ba. Auta, 'yata da nake zaune a gidanta tun da gwiwa ta fara ba ni wahala, cewa take yi da leƙen taga aikin gwamnati ne da tuni an yi mini ƙarin girma. To ɗakina yana kallon bayan gida ne, inda mijinta ke ajiye motarsa. Me zan kalla in ba shi ba?

Mijin nata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Mai Firji kowa ke ce masa, ni kuwa da yake suruki ne, baban yara nake cewa. Shekara goma sha ɗaya yana bin gidaje da akwatin kayan aiki, yau a samu gobe a rasa. Sai bana wani kamfanin ajiye magunguna ya ɗauke shi gwajin wata uku, ya riƙa kula musu da ɗakunan sanyi. Ƙarfe bakwai da rabi na safe dole ya buɗe, ya duba ma'aunin sanyi, ya sa hannu a takarda kafin motocin asibitoci su zo ɗaukar kaya. In ya cinye gwajin, aiki ya zama nasa na dindindin. Saura masa mako biyu 'yan sanda suka sako shi gaba.

A bakin gada suke tsayawa, kuma babu wata hanya zuwa kamfanin sai ta gadar. Ranar farko ya dawo yana dariya, ya ce sun sa shi ya sauke kaya kaf a titi kamar mai cin kasuwa. Rana ta uku babu dariya. Na ji su ta bango shi da Auta, don bangon namu ba shi da kauri, ni kuma kunnena bai tsufa ba.

“Motoci sun fi ashirin suka wuce,” in ji shi. “Ni kaɗai aka ɗaga wa hannu. Tun daga nesa nake ganin suna gyara tsayuwa.”

“Ko don motar ta tsufa?”

“Waɗanda suka fi ta tsufa suna wucewa. Na ce ko gemun nan ne, ko lambar motar da ke nuna unguwarmu. Na tambaye su laifina, suka ce aikinsu suke yi.”

“To ka bar motar mana, ka hau bas.”

“Wace bas za ta ɗauke ni da tukwanen gas biyu da famfo?”

Ya koma fita ƙarfe shida. Sai su karɓi takardunsa su ajiye a kan mota, su ce ya jira su gama da wasu. Rannan ya makara, manaja ya ja masa kunne. Mutumin da ke shigowa da waƙa a baki ya koma shigowa kamar an aiko shi da saƙon mutuwa. Abinci sai ya tsakura ya ture. Wata yamma 'yarsa ƙarama ta busa usur ɗin wasa a tsakar gida, na ga kofin hannunsa ya zube masa a riga.

Ranar Alhamis nake zuwa awon jini. Na ce ya rage mini hanya. Gaskiyar magana, asibitin ba ya buɗewa sai takwas, so nake in gani da idona don in sami abin ba matan layi labari. Ya wanke mini kujerar gaba, ya ɗora mini matashi a baya, muka tafi.

Kamar yadda ya faɗa, tun kafin mu kai gada wani dogon kofur ya sauko titi. Na ga hannun baban yara ya damƙe sitiyari har jijiyoyi suka fito.

“Barka da asuba, yallaɓai,” in ji shi.

“Kai ne mai motar nan? Buɗe baya.”

“Jiya an duba, shekaranjiya an duba.”

“Jiya ba ni ba ne. Buɗe.”

Ya fita ya fara saukewa. Tukwanen gas, famfo, akwatin sifana, sai naɗe-naɗen bututun jan ƙarfe. Masu wucewa suna rage gudu suna kallo. Wani ɗan unguwarmu a kan babur ya gan shi ya kawar da kai, wai don kada ya ba shi kunya, hakan kuwa ya fi ciwo. Na leƙo ta taga na ce, “Ɗan nan, tsayinka kamar na mutanen kirki, me bawan Allahn nan ya ci maka?”

Kofur ya yi murmushi. “Kaka, ba ruwanki, ki zauna abinki.” Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu ya juya wajen baban yara. “Sauran bututun fa, waɗanda kake saukewa a bayan gida kana lulluɓewa da tsohuwar katifa? Su ma akwai rasiɗinsu?”

Baban yara ya tsaya da famfo a hannu. “Wa ya gaya muku ina da katifa a bayan gida?”

“Ba a faɗi.”

Ni kuwa na mayar da kaina cikin mota. Bayan gidan nan katanga ce ta kewaye shi, kuma taga ɗaya ce tak ke kallonsa.

Mako uku da suka wuce, a layin awon jini, na zauna kusa da wata mai sandar ƙarfe da nake kira Hajiya Mai Gwiwa. Tana ta yi mini fariya da 'ya'yanta, wannan yana kaza, wancan yana kaza. Ana cikin haka aka ɗauko zancen ɓarayin da ke yanke bututun na'urar sanyi a makarantu da asibitoci. Ni kuma ba na son a fi ni labari. Na rage murya na ce, ai ni surukina jan ƙarfe kamar a gonarsa yake tsiro, kullum yana saukewa a bayan gida yana lulluɓewa da tsohuwar katifa, ban dai san inda yake samowa ba. Na san inda yake samowa. Daga tsofaffin firji yake cirewa, katifar kuma don ruwan sama ce. Amma da na faɗi haka labarin ba zai yi daɗi ba. Da ya zo ɗaukata ma har na nuna mata motar da haɓa. Abin da na manta, cikin 'ya'yan da take lissafawa akwai sajen 'yan sanda.

Ƙarfe takwas saura kwata suka sake mu. Bai iya kai ni asibiti ba, ya sauke ni a tsallaken gada yana ta ba ni haƙuri, shi da aka ɓata wa lokaci.

Ban je awon jinin ba. Na san abin da ma'aunin zai nuna. Na tari tasi na ce ofishin 'yan sanda.

Ɗaki ne mai dogon kanta da benci ɗaya, fanka tana juyi ba iska. Na ce ina neman sajen da uwarsa ke ciwon gwiwa. Suka kalli juna suka tuntsire da dariya, amma sun gane shi. Ya fito, mutum mai nauyin jiki da jajayen idanu irin na wanda bai sami barci ba. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sai na ji kunya ta ƙara rufe ni.

Na gaya masa komai. Ya saurara yana murza goshi.

“Iya, kin san wurare nawa aka yanke wa bututu a wata biyu? Bakwai. Ɗaya ɗakin haihuwa ne. Kullum oga yana kanmu. Ba mu da komai a hannu, sai ga magana daga cikin gidan mutum, da lambar mota. In ke ce za ki ƙi rubutawa?”

“To kun duba kun ga babu komai. Me ya sa kullum?”

“Masu gadar canzawa suke yi. Kowa ya zo sai ya ga lambar a littafi, ba a soke ba, sai ya tsayar. In bai tsayar ba aka yi sata a ranar, shi za a tambaya. Babu wanda ya tsani surukinki, yawancinsu ko fuskarsa ba su riƙe ba.”

“Shi ya riƙe tasu.”

Ya ci gaba da murza goshi.

Na ce ya soke. Ya ce ba shi ke sokewa ba, sai wanda maganar ta fito daga bakinsa ya rubuta cewa ba haka ba ne, oga ya buga hatimi. Oga kuma ya tafi taro sai Litinin. Ya miƙo mini takarda da biro. Aji huɗu na yi a makaranta, rabona da rubutu mai tsawo tun ina budurwa. Na fi rabin awa a kan layi biyar, ina rubutawa ina gogewa. Kalmar ƙarya ce ta fi ba ni wuya, ba don ban iya haruffanta ba. Ya ba ni kwafi, ya ce zai yi wa masu safiyar gobe magana da baki.

Da yamma baban yara ya dawo da wasiƙa daga manaja. Makara biyu, ta uku ita ce sallama. Ya ajiye ta a kan tebur, ya zauna yana cire takalmi. Auta ta karanta ta zauna a hannun kujera. Na fito da sandata, na tsaya a bakin ƙofa, na faɗa musu. Ban ƙara gishiri ba, karon farko a rayuwata.

Auta ce ta yi magana. “Iya, a gidansa kike. Shi ke kai ki asibitin nan.”

“Na sani.”

“Me ya yi miki?”

“Babu. Hira ce ta ja ni.”

Shi bai ɗago ba. Ya jera takalman a gefe, ya ce, “Ba komai, Iya. Allah ya kiyaye gaba.” Ya tashi ya fita bayan gida. Ta taga na gan shi yana sauke duk bututun da ke motar, yana jibgewa a ɗakin ajiya. A tunaninsa in ba su ga jan ƙarfe ba za su bar shi ya wuce.

Washegari biyar da rabi ya fita, bai ƙwanƙwasa mini ba. Na shirya na bi shi da kwafin takardata a ƙulle cikin gefen mayafi. Tasi ta yi mini wuya, sai bakwai saura na isa gada. Motarsa na gefe, ƙofofi a buɗe, shi yana zaune a kan dakalin titi. Sababbin fuskoki ne, wata 'yar sanda mai igiya biyu a hannun riga da wani matashi.

“Littafi ya ce motar nan tana ɗaukar jan ƙarfe kullum,” in ji matar. “Yau babu ko ɗaya. Muna tambayarsa inda ya kai, yana ce mana gida. Sai mun je mun gani.”

“'Yata, ni ce na haɗa duk wannan. Ga takarda. In kamu ne ni za ku kama.”

Ta karanta a hankali, tana bin rubutuna da yatsa. “Babu hatimi, Iya.”

“Saje ya ce zai gaya muku.”

“Ba wanda ya gaya mana.”

Na roƙe ta ta kira shi. Ta kira sau uku ba a ɗauka ba. Na ce mata aikin mutum ne zai tafi, yana da 'ya'ya uku. Ta ce ta ji, amma ita ma aikinta ne zai tafi in ta sake shi ya zamana shi ne ɓarawon. Ba ta ɗaga mini murya ba, har kujerar roba ta sa aka kawo mini. Na zauna ina kallon agogon hannun baban yara, shi kuwa ya daina kallonsa.

Bakwai da minti ashirin da biyu Saje ya kira. An tura shi wani wuri tun asuba, ya manta. Matar ta miƙa wa baban yara takardunsa ta ce ya yi haƙuri. Daga gada zuwa kamfanin tafiyar minti ashirin ce in hanya ta yi kyau. Ya rufe ƙofofin ya ja mota.

Na koma gida na zauna a ɗaki. Auta ba ta shigo ba, ina jin ta tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Ƙarfe goma da 'yan mintuna na ji ƙarar motarsa a layi. Ya shigo da ita bayan gida, ya kashe, ya daɗe a ciki bai fito ba. Da ya fito, rigar kamfanin ba ta jikinsa, farar singileti ce kawai. Ya ratsa tsakar gida ya tsaya a ƙofata, ya rusuna kamar kullum.

“Iya, kin dawo lafiya? Kin sami mota da wuri?”

Na ce na samu.

Ya ce madalla, ya wuce ya tambayi Auta inda ta ajiye tsohon littafinsa mai lambobin wayar mutanen da yake yi wa gyara a gidaje.