Randunan Hajja Sakinatu

Da amai da gudawa suka ɓulla a ƙauyensu kusa da Suki, Huda ma'aikaciyar lafiya ba ta jira mako ya zagayo kafin ta kai rahoto ba. Duk wanda ya kwanta, nan take take buga waya asibitin garin Sinja ta faɗa. Likitocin can suka ce in abin ya ƙaru, za a rufe kasuwa.

Amma Huda ta lura da wani abu. Masu kwanciya duk maza ne 'yan gona, matan gida kuwa lafiyarsu lau. A hanyar gona akwai randunan sabil, ruwan sadaka da Hajja Sakinatu ta ajiye don mijinta marigayi Maliki. Kowa ya zo ya tsoma moɗa ɗaya ya sha. Aka kai ruwan Sinja, gwaji ya tabbatar cutar tana cikinsa. Huda ta je ta faɗa wa Hajja.

"Sadakar Maliki za ki ɗauke mini?" Hajja ta daka mata tsawa. "Sai dai bayan raina!"

Huda ta ce, "Wa ya isa, Inna? Famfo za mu sa wa kowace randa, ke kuma ki riƙa jefa maganin ruwa kowace safiya."

Hajja ta karɓi aikin kamar gadonta. Ta ɓoye moɗar, duk wanda ya miƙa hannu cikin randa kuwa ya sha sanda.

Kasuwa ta ci gaba da ci. Ranar da ɗakin jinya ya zama wayam, Hajja ta rangaɗa guɗa.

"Cutar ta yanke," in ji ta, "ladan Maliki bai yanke ba!"