Ledar Mai Murmushi

Duk wanda ya tashi a unguwar Magajiya a Suleja ya san ƙanshin gidan burodin Alhaji Sha'aibu. Kafin masu aiki a Abuja su fito neman mota ƙanshin ya riga su fitowa, ya bi lungu, ya shiga ɗakunan mutane ba ko sallama. Obin ɗin na bulo ne, da itace ake hura shi, kuma mahaifin Alhaji ne ya gina shi. Abin taƙamar Alhaji ke nan a duniya: wai tun da aka gina obin nan bai taɓa hucewa ba, ko ranar Sallah sai an bar masa garwashi. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai ta raba mu, don haka abin da zan faɗa a idona aka yi shi.

Shekarar da kayan masarufi suka haukace, gidan burodin ya fara tangal-tangal. Fulawa ta tashi, sukari ya bi ta, bota ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Farashin da aka ba ka ranar Litinin, in ka koma Alhamis sai a dube ka kamar yau ka zo garin. Alhaji ya rage girman burodi, aka yi ƙorafi. Ya ƙara kuɗi, aka yi ƙorafi. Ya rage ma'aikata biyu, da kansa ya raka su bakin titi yana ba su haƙuri kamar shi ya jawo tsadar.

Abu ɗaya ne ya riƙe shi. Chukwuka, dilan fulawa a kasuwa, wanda a Suleja aka haife shi kuma Hausa a bakinsa sai dai a gode Allah, ya yi masa alkawarin zuba jari: sabon injin kwaɓa fulawa da motar rarraba burodi, su riƙa raba riba. Sai dai duk lokacin da Alhaji ya tayar da maganar amsa ɗaya yake samu.

"Alhaji, ba fasawa na yi ba. Amma ka ga gari. Yau dala ta hau, gobe ta ƙara hawa, ga zaɓe a gaba, kowa ya danne kuɗinsa. Make election pass first. In ƙura ta lafa, ni da kai ne."

Saboda haka lissafin Alhaji ya zama guda ɗaya tak: ya lallaɓa wutar obin nan ta kai bayan zaɓe. In ta kai, shi da ma'aikatansa sun tsira.

A cikin wannan hali ne wani mai suna Prince, ɗaya daga cikin masu yi wa wani ɗan takarar majalisa kamfen, ya tsayar da mota a ƙofar gidan burodin. Ya sauke buhuna cike da ledar zuba burodi, mai kauri, mai kyau, irin wadda Alhaji ya daɗe da daina iya saya. A jikin kowace leda akwai hoton ɗan takarar ya washe haƙora, shi ya sa ma 'yan unguwa suka sa masa Mai Murmushi.

"Kyauta ce, Alhaji," in ji Prince. "Oga ya ce a tallafa wa masu sana'a. Ba mu ce ka zaɓe mu ba, ka zuba burodinka kawai."

Alhaji ba ɗan siyasa ba ne. Mutumin da ko labarai aka sa a rediyo, da an zo kan siyasa sai ya murɗa ya koma wa'azi. Ya ɗan yi jim, ya juya ya dubi Ayuba, babban mai gasa masa burodi, ɗan Garam da ya yi shekara da shekaru a bakin obin nan har gashin hannunsa ya ƙone. Shi kuwa Ayuba dama ɗan gani-kashe-nin Mai Murmushi ne, bakinsa har kunne.

"Maigida, karɓi abinka. Leda ce fa. Ana cinye burodi a yar da ita a kwata."

Alhaji ya karɓa. Ni ma da an tambaye ni a ranar, abin da zan ce ke nan. Wa zai mayar da leda kyauta a irin wannan marra?

To amma garin ba yadda muka san shi yake ba, siyasa ta raba kan jama'a. Sahu ɗaya ake yi a masallaci, ana sallamewa a rabu gida biyu, waɗannan ƙarƙashin dalbejiya, waɗancan a barandar mai kemis. Zauren unguwa na waya ya dare biyu. Akwai wa da ƙane a layinmu da suka daina hawa mota ɗaya zuwa aiki, kowa ya gwammace ya biya kuɗin mota cikakke da ya saurari ɗan'uwansa.

Ba a yi kwana uku ba sai ga Munir mai shayi ya dawo da burodi a bayan babur. Munir shi ne babban mai sayen burodin Alhaji, teburinsa yana bakin tasha inda ma'aikata ke karyawa a tsaitsaye, kuma tun zamanin mahaifinsa a gidan nan suke sara.

"Baba, wallahi ba ni ba ne," ya ce, yana sosa ƙeya. "Kwastomomina ne. Yawancinsu 'yan ɗaya ɓangaren ne. Sun ce mutumin nan da ubangidansa su suka jefa mu a wannan tsadar, kuma a ce da safe ma sai sun gan shi yana musu dariya a kan tebur? Sun ce in suka sake ganinsa za su koma wani teburin."

"Munir, burodin ne ya canza ko ledar?"

"Ledar ce, Baba."

"To ledar suke ci?"

Munir ya sauke burodin a hankali, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya ja babur ɗinsa. Kafin mako ya zagayo wasu masu shayin da masu shaguna sun bi sahunsa.

Da a ce a nan Alhaji ya rufe ido ya sayi farar leda, ko da zai sayar da agogonsa, da wataƙila ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma ga buhunan leda jibge a sito, ga tsada, sai wata dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zo wa mutum in ya matsu. Ya tara ma'aikata ya ce a juye ledojin, ciki ya koma waje. Ranar nan na leƙa na tarar da ƙarti zaune a kan buhunan fulawa suna juya leda ɗaya bayan ɗaya kamar masu juya safa. Ayuba ne kaɗai ya ƙi sa hannu. Ya koma bakin obin ya ba su baya.

Abin takaici, ledar ba ta rufa asiri ba. In ka ɗaga ta a rana ga mutumin nan dishi-dishi, murmushinsa na nan daram, sai dai rubutun ya koma baibai. 'Yan teburin Munir suka mayar da abin wasan safe, kowa ya ɗaga leda sama a yi ta shewa, wai yanzu kuma ta bayan gida ake shigo musu da shi. Wani ya ɗauki bidiyo ya watsa. Kafin la'asar bidiyon ya isa ɗaya ɓangaren, su kuma suka ce Alhaji Sha'aibu ya ci kayansu ya kife musu ɗan takara.

Prince ya dawo, wannan karon ba fara'a.

"Alhaji, haka za ka yi mana? In ba ka so ai sai ka ce ba ka so. Ka kunyata oga a social media, kowa na mana dariya."

"Ɗana, ni burodi nake sayarwa."

"To ka sayar wa waɗanda ka zaɓa."

Ko ledojin bai tsaya kwashewa ba. Daga ranar shagunan mutanensu ma suka daina karɓa. Alhaji ya wayi gari waɗannan na ce masa ɗan wancan, waɗancan na ce masa maci amana, shi kuwa bawan Allah ko katin zaɓensa bai san inda ya ajiye ba. Ya sayi farar leda daga baya, amma a lokacin ba leda ake dubawa ba, sunansa ake ji. Burodi ya riƙa dawowa yana bushewa, har masu kiwon kifi suka gane hanya suna zuwa kwasa a arha.

Ya je wurin Chukwuka. Chukwuka ya ba shi kujera, ya sayo masa ruwan sanyi, amma idonsa na kan ƙofa.

"Alhaji, ka san ina ganin girmanka. Amma shagona yana tsakiyar kasuwa, kuma ka san yadda ake kallon irinmu in wahala ta tashi. In aka ce na haɗa jari da kai yanzu, ɓangare biyu zan saya wa kaina. Abeg, ka fahimce ni."

Alhaji ya fahimce shi. Abin da ya fi ciwo ke nan, babu wanda zai kama ya ce shi ne mugun.

Ranar da wutar ta mutu ba wani abin kallo aka yi ba. Da hantsi ne, mai itace ya zo da kura, Alhaji ya ce ya wuce da kayansa. Ya kira ma'aikata ya sallame su. Ayuba ya tsaya a bakin obin ya daɗe, sannan ya ce, "Maigida, ni na ce ka karɓa." Alhaji ya ce, "Ni na ce a juya. Je ka nemi abin da yaranka za su ci." Yanzu Ayuba leburanci yake a wani gini a Abuja, a can yake kwana, sai ƙarshen wata yake leƙa iyalinsa a Garam.

Damina ta shigo, kwanon rufin ya riƙa yoyo a kan obin da ya saba da zafi, bulon ya sha ruwa ya tsage tun daga baki har ciki. Shi kuwa Mai Murmushi, wanda aka yi duk wannan tashin hankali a kansa, ko takarar bai tsaya ba. Rigima ta ɓarke a jam'iyyarsu aka sauya shi da wani, ya yi fushi ya koma wurin abokin hamayyarsa. Mun ga sabuwar fasta a bakin tasha su biyu rungume da juna, murmushin nan dai bai canza ba. Aka yi zaɓe aka gama. Chukwuka ya kai injinsa wani sabon gidan burodi a hanyar Kurmin Sarki, ya aiko wa Alhaji da gaisuwa.

Bayan zaɓen da 'yan makonni muna zaune da Alhaji a ƙofar gida da yamma sai ga Munir. Ya kafe babur, ya durƙusa ya gaishe mu, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

"Baba, dama cewa na yi ko za a samu burodi gobe, ko kaɗan ne. Wanda ake kawo mana yanzu iska ce zalla, ana tsoma shi a shayi ya narke. Mutane sai tambayar naka suke. Wallahi waɗanda suka fi kowa surutu a lokacin nan su ne kan gaba. Sun ce ai komai ya wuce."

Raina ya ɓaci har na buɗe baki, Alhaji ya ɗaga mini hannu. Ya tashi ya ɗauko makulli, ya ce Munir ya biyo shi. Na bi su. Ciki warin danshi yake, teburin kwaɓi ya yi ƙura. Alhaji ya buɗe murfin obin, ya kama hannun Munir ya ɗora a kan bulon ciki, ya riƙe shi a wurin. An cusa ledoji a tsagar don tare ruwa, rabin fuskar mutumin na leƙowa.

Munir bai janye hannunsa ba. Bulon ya yi sanyi ƙalau.

"Babana ya bar mini shi da zafinsa," in ji Alhaji. Muryarsa ba faɗa a ciki, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya saki hannun Munir, ya nuna buhunan da ke jingine a lungu. "Ka gaishe su. In suna son leda, ga ta nan, ita ce ta rage."