Ƙwaron Ba Assu

"Ya nitse," in ji Mimuna. "Na bakwai ke nan, Itto."

Mu uku muka zuba wa kofin shayin ido. Ruwa ne a cikinsa, ga ɗan ƙwaron ƙaryar da na ɓata rabin yini ina ɗaurawa can ƙasa, ya jiƙe sharkaf. Mijinta Ba Assu ya juyar da fuskarsa bango.

Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakanina da su a garin Azru. Ni saƙar darduma nake yi, shi kuwa tun da ya bar aikin gandun daji ba shi da zance sai fatsa. Ba ya taɓa sa tana a ƙugiya. Ƙwaro yake ƙirƙira a jikin ƙugiya da gashin wuyan zakara da ɗan ulu, ya wurga shi ya sauka a kan tafki kamar mai rai, kifin nan mai ɗigo-ɗigon ja ya taso ya cafke. Duk ƙwaron da ya ɗaura sai ya gwada shi a kofi. In ya nitse, ya tashi aiki. Zakarana ya sha figa a hannunsa, uluna ya sha tsinta, ni kuma na sha gaya masa cewa babba da shi yana wasan 'yar tsana.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sunayen abubuwa suka gudu daga bakinsa. Yana kwance asu ya shiga akwatinsa ya cinye ƙwarin tas, ya bar ƙugiyoyi tsirara. Da aka fara tsinkar tuffa likita ya ce a mai da shi gida, a ba shi duk abin da ransa ke so. Abu ɗaya ransa ke so: ya ga ƙwaronsa a kan ruwa kafin ranar Lahadi ta wuce, ranar da ake rufe kamun kifi sai baɗi. Haddu ƙanin Mimuna, mai tasi, ya yi alkawarin kai shi, har ya sayo masa ƙwarin kanti. Da hannun hagu tsohon ya ture su ƙasa.

Shi ne aikin ya faɗo kaina, wai ni ce mai yatsu. Tururuwa mai fiffike yake so, irin wadda ke tashi bayan ruwan farko na kaka.

"Ba Assu, don Allah gaya mini inda nake kuskure," na ce.

"Ya sha," in ji shi da ƙyar. "Ya sha ruwa."

"To ai mun gani, tsoho," Mimuna ta ce. "Me za ta yi? Ta saya masa lema?"

Ya ɗaga yatsa wajen gidana. "Wancan... na baya... wancan."

"Zakaran? An fige shi har ya daina cara don kunya."

Ya girgiza kai, hawaye ya gangaro masa cikin kunne. Mimuna ta share da gefen mayafinta tana faɗa. "Shekara arba'in kana barina da sanyin safiya saboda kifin da kake mayarwa ruwa. Ko ɗaya ban taɓa soyawa ba. Yanzu kuma ka zo kana mana kuka."

Sai ta fita tsakar gida ta yi nata kukan a bakin famfo.

Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba. Hannun da ke ƙulla ƙulli dubu a yini ya kasa abin da bai kai ƙwayar wake ba. Na koma gida na zaɓo uluna mafi kyau, wanda na wanke sau uku na rina da kaina. Na rage zare, na sassauta ɗauri. Na takwas ya nitse, na tara ma haka.

Ranar Asabar da la'asar ina shara a bayan ɗaki, inda nake jibge ulu in an kawo shi daga jikin tumaki, sai na tsaya cak da tsintsiya a hannu. Nan Ba Assu yake tsugunawa in ya zo tsintar ulu. Duk shekarun nan bai taɓa ɗaukar wankakke ba, sai mai wari, mai maiƙo, ni kuma ina cewa kawaici ne ya hana shi taɓa mai kyau. Ashe maiƙon ne ke hana shi shan ruwa. Ni da na san ɗanyen ulu ba ya kama rini, ban taɓa haɗa biyun ba.

Wurin kuwa fes yake. Tun bazara na wanke komai, ina ta yabon kaina.

Gari na wayewa na hau tudu wajen wani makiyayi, tafiyar awa guda. Ya riƙe mini tunkiya yana dariya, na yanko ɗan ɗanyen ulu daga wuyanta. Na sauko ina haki, na ɗaura ƙwaron a tsaye, na jefa a kofi. Ya zauna ɗas a kan ruwan, fikafikansa a buɗe.

Na fita da kofin a hannu biyu don kada ya zube. Motar Haddu na ƙofar gidansu, an ɗaure sandar fatsa a samanta. A bakin zaure kuma takalman maza ne birjik.

Mimuna na zaune a kan tabarma da hular ulunsa a cinya.

"Na sa masa kaya tun da safe," ta ce. "Ya ƙi karyawa, idonsa na kan ƙofa. Na ce masa kina hanya."

Na miƙa mata kofin kawai. Ta daɗe tana kallo.

"Oho, ja'iri," ta ce wa ƙwaron a hankali. "Sai yanzu ka ga dama."

Ta tashi ta ajiye kofin a kan taga, daidai inda tsohon yake ganin hanya daga gadonsa. Bayan azahar maza suka fito da shi a makara, Haddu ya kwance sandar daga kan mota ya jingine ta a zaure. Da na shiga kwashe kofunan masu gaisuwa, rana ta karkato ta tagar, ƙwaron yana nan a kan ruwa.