Firjin da Aka Lulluɓe da Buhu

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, firjin asibiti shida ne a hannuna, ni ke gyara su, tsakanin Makarfi da Kudan da Ikara, kuma duk shidan babu mai shiri da bazara. Na kananzir ne. 'Yar wuta ake kunnawa a ƙarƙashi, ita ke kawo sanyin da ke ciki. Na yi bayanin wannan har bakina ya gaji. Duk ƙauyen da na je sai an samu dattijon da zai durƙusa ya leƙa wutar, ya miƙe ya taɓa ƙanƙarar, sannan ya ja da baya yana kallona kamar na zo da iskokai a jaka.

Ran Laraba takardar Malam Sa'idu ta same ni a Makarfi. Shi ne malamin wani asibitin sha-ka-tafi da ke gaba da Malikanchi. Layi uku ya rubuta: firji ya daina sanyi, maganin lamba na rigakafin agana yana ciki, jibi Juma'a za a yi wa jama'a. A lokacin agana ta ɓulla a ƙauyukan da ke bayan Taba, har an fara binne yara. Mutanen da a da suke haura katanga in sun ji an ce ga masu lamba, yanzu su ke zuwa da ƙafarsu suna miƙa dantse.

Na bi motar kasuwa zuwa Ikara, na sauke kekena na taka. Kafin hantsin Alhamis ya dubi ludayi rigata ta manne da bayana, ƙarfen kan keken kuwa ba ya taɓuwa sai da ƙyalle. Ganyen bishiya ko motsi ba ya yi.

Ɗakin maganin rufin kwano ne, taga ɗaya. Da na shiga ban ga firji ba, wani tsibin buhuna na gani a kusurwa yana ɗigar da ruwa. An lulluɓe shi gaba da baya, an ɗaure da igiya, har bututun da hayaƙi ke fita an ɗora masa jiƙaƙƙen buhu. A gefe ga Baba Inuwa, tsohon da ke shara da ɗebo ruwa a asibitin, riƙe da bokiti yana murmushi, yana jiran yabo. Bayan mun gaisa ya ce tun da zafi ya tsananta ya ga abin yana wahala, shi ne ya yi masa yadda ake wa randa. Ya ce ko awa ɗaya bai bar buhunan sun bushe ba, kullum sahu goma yake yi zuwa rijiya.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce randa daban, firji daban. Wannan ta bayansa yake numfashi, in ka toshe bayan ka shaƙe shi ke nan. Na faɗi abin da bai kamata a faɗa wa sa'an ubana ba, kuma a gaban matan da suka zo karɓar magani. Tsohon ya ajiye bokitin a hankali ya shiga kwance igiyar.

Na buɗe ƙofar firjin. Ma'aunin zafin da ke ciki da wanda ke rataye a bango duk magana ɗaya suke yi. Na tambayi kwana nawa ke nan. Malam Sa'idu ya ce biyu. Baba Inuwa, kansa a ƙasa, ya ce tun ran Lahadi ƙanƙarar ta narke, lokacin Malam ya tafi Ikara. Na ji shi sarai, amma na yi kamar hankalina yana kan lagwani. Maganin yana cikin wani ɗan gwangwani, siraran kwalabe jere kamar tsinken tsintsiya. Na sa aka binne gwangwanin a jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, na cire riga na fuskanci aikina.

Bututun ya cika da kunkunniya, sai da na zura waya da tsumma sau bakwai. Lagwanin ya ƙone gefe ɗaya, na datse shi daidai. Na zubar da kananzir ɗin tankin, na tace sabo da hankici. Gumi yana shiga idona, in na share da hannu sai baƙi ya bi, ƙurajen zafin da ke bayana kuwa kamar an watsa mini barkono. Sau uku na fita waje neman iska, sau ukun na dawo da sauri, don zafin wajen ya fi na cikin.

Firjin da ya daɗe a shaƙe ruwan cikin bututansa yakan taru wuri ɗaya, ko ka kunna wuta ba zai zagaya ba. Maganinsa a kifa shi. Na nemi ƙarti huɗu muka juya shi, ƙafafu sama. Nan fa taga ta cika da kawuna. Wata tsohuwa ta ce wancan ya yi masa wanka, wannan kuma ya zo ya kifa shi, Allah dai ya kyauta. Na kara kunnena a jikin ƙarfen, na ji ruwan yana ƙulu-ƙulu yana gangarawa, na ce a bar shi haka sai la'asar.

Jiran ya fi aikin wuya. Na zauna, na tashi, na je gindin randar na taɓa yashin, na dawo. Kwanon rufin yana ƙas-ƙas saboda rana. Baba Inuwa ya kawo mini fura a ƙwarya ya ajiye nesa da ni kaɗan, kamar mai ba kare mai cizo abinci. Na sha, ban ce masa na gode ba, har yau abin yana damuna. Da la'asar muka miƙar da firjin. Na ɗora faranti da ruwa a kansa, ina cusa sakaina ƙarƙashin ƙafafun har ruwan ya tsaya daidai. Na kunna, wutar ta fito shuɗiya, babu ja ko kaɗan.

Da safiyar Juma'a na sa hannu a ciki, ƙarfen ya kama yatsana. Ƙanƙara fara fat. Na mayar da gwangwanin ciki ina jin kaina kamar wani sarki.

Gindin ɗorawar da ke ƙofar asibitin ya riga ya cika. Mata da goyo, yara ana riƙe da su kada su gudu, can gefe kuma mutanen rugar wani Bafulatani mai suna Mamuda, su wajen ashirin. Kwana biyu suka ɗage tashinsu saboda lambar nan, shanunsu na nema musu hanya yamma, wajen da cutar take. Malam Sa'idu ya ja ni bayan ƙofa ya yi ƙasa da murya.

“Ashafa, tsakaninka da Allah, maganin nan yana da rai?”

Na san amsar. Baturen da ya koya mana aikin a Kaduna ya maimaita mana har muka haddace: maganin lamba in ya kwana biyu a zafi ya mutu, sanyi kuma ba ya ta da matacce. Wannan kwana huɗu ya yi, a bazara. Amma sabo ba zai iso daga Zariya ba sai an yi kwana goma. Ga jama'a sun taru, ga ƙanƙarar da na sha wuya a kanta tana sheƙi, ni kuma na ƙosa in bar ɗakin nan in ga kaina a motar Ikara. Ban so a ce Ashafa ya zo a banza.

“Ba ga ƙanƙara ba, Malam? Yi aikinka.”

Mutum sittin da uku aka tsaga wa dantse a ranar. Ina ɗaure akwatina a keke Mamuda ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce an gaya masa ni na tashi injin, Allah ya saka. Na amsa da amin.

Kwanakin da suka biyo baya ban zauna lafiya ba. A Kudan kwalbar fitila biyu na fasa a firji ɗaya. Abinci ya ƙi shiga, matata ta ce zafi ne, na bar ta a haka. Lamba in ta kama, cikin mako wurin yakan kumbura ya yi ruwa, yaro ya yi zazzaɓi, daga baya ya bar tabo. Kullum sai in ƙirga kwanaki in ce wataƙila yashin randar ya taimaka, wataƙila Baturen ya cika tsoro ne. Rana ta tara na kasa daurewa, na hau mota na koma ƙauyen da asibitin yake, ba wanda ya kira ni.

A bakin rijiyar garin wata mata ta gane ni. Ta ɗago hannun ɗanta tana fara'a, ta ce ba su taɓa ganin lamba mai sauƙi irin wannan ba, ko yaro ɗaya bai yi zazzaɓi ba, duk sun warke sumul. Na duba dantsen. Ɗan layi ne kawai kamar ƙaya ta karce shi. Na saki hannun yaron na nufi asibitin.

Malam Sa'idu yana zaune a ɗakin maganin, firjin yana ta aikinsa lafiya lau. Ya ce gida-gida ya bi, ko ɗaya ba ta kama ba. Ya riga ya rubuta Zariya, in sabo ya zo za a sake wa 'yan gari. Bai ɗaga ido ya dube ni ba. Na tambayi mutanen Mamuda, ya ce tun washegari suka kaɗa shanunsu.

Baba Inuwa yana bakin ƙofa. Ya ce laifinsa ne, shi da buhunansa, in za a kai ƙara a kai sunansa.

“A'a, Baba. Kai taimako ka yi niyya. Ni aka tambaya, kuma na sani.”

Ya nuna mini burtalin da suka bi. Rana tana tsaka na hau keke, ina bin busasshen kashin shanu, ina tsayawa duk inda na ga mutum. Wasu sun gan su, wasu ba su gani ba. Sai bayan la'asar na iso wata mashaya kusa da Makarfi, na tarar da wani mai noman rani yana ban ruwa. Ya ce ƙwarai, sun kwana nan, yau kwana biyar. Ya ce har ya gargaɗe su kada su bi ta bayan Taba da yara ƙanana haka, ana ta mutuwa.

“To me suka ce?”

“Dariya mai rugar ya yi. Ya nuna mini dantsen 'yarsa, ya ce su ba ruwansu da agana, an yi musu lamba.”

Na roƙe shi ruwa na zuba a kaina, na tambaye shi hanyar da ta fi kusa zuwa bayan Taba.