Gawar Ciyawa

Shekara goma cur Gajadhar ya yi a tsibirin Andaman bai sa loma ɗaya ta girkin wani a bakinsa ba. Tun ranar da jirgin Turawa ya sauke shi da sauran fursunoni cikin sarƙa, lokacin garin bai wuce bukkoki da sauro da sababbin kaburbura ba, kullum sai ya zana da'ira a ƙasa, ya shafe ta da laka, ya dafa 'yar shinkafarsa a ciki shi kaɗai. Ɗan gidan malaman Hindu ne, a wurinsu girkin bare ƙazanta ne. Zazzaɓi ya kwashe rabin waɗanda suka zo tare, shi ma ya kwanta rai a hannun Allah, amma ya ƙi kunun asibiti.

Imdad Ali, magatakardan fursunoni, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Malam, da lambar fursuna rataye a wuyanka kake wannan fi'ili? Wa zai gani?"

"Phulmati za ta tambaye ni," in ji Gajadhar. "Ina so in iya kallon idonta."

Phulmati matarsa ce, da ya baro a ƙauye tana goyo.

Kanar Melbury, mai mulkin tsibirin, wanda aka share masa dajin gidansa da rayukan mutane ɗari, ya tashi wata rana da tausayi. Wai duk wanda ya cika shekara goma ba laifi a ba shi fili, ya aika matarsa ta zo. Gajadhar ya sa Imdad ya rubuta wasiƙa. Ya kafa bukka, ya yi murhu mai baki biyu, har awarwaro ya saya wajen wani maƙeri. Duk jirgin da ya tsaya sai ka gan shi a gaɓa.

Amsa ta zo bayan wata bakwai, da tsakar rana, Imdad na cin tuwon shinkafa da kifi. Ya buɗe, ya karanta a zuci.

"Karanta mana, ɗan'uwa," in ji Gajadhar.

"Daga yayanka ne."

"To, me ya ce?"

Imdad ya karanta, murya ƙasa-ƙasa. Wanda ya ƙetare baƙin ruwa, wato teku, ya fita daga dangi, kowa ya sani. Don haka tun shekarar da aka tafi da shi suka haɗa mutum-mutumi na ciyawa, suka sa masa sunan Gajadhar, suka ƙona shi a bakin kogi. An fasa awarwaron Phulmati, an aske mata kai, farin zane take ɗaurawa irin na matar mamaci. Ɗansa kuwa duk shekara yana yi masa sadakar matattu. Kada a sake rubutowa, abin yana tayar wa gida hankali.

Gajadhar bai yi kuka ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi sauƙin gani. Ya daɗe a tsugune yana murza lambar wuyansa. Sannan ya matso, ya miƙa hannu cikin kwanon Imdad.

Imdad ya riƙe masa wuyan hannu. "Haba malam, shekara goma fa."

"Sake ni," in ji shi. "Wanda yake kiyayewar sun ƙona shi."

Ya yanki loma ya kai baki.